Bass Reeves: Bawan da ya zama dodon 'yan fashi a yammacin Amurka

A watan Yunin 2011 aka yi gwanjon wani ɗan ƙaramin hoto a birnin Denver na Amurka, wani attajiri ya saye shi kan dala miliyan 2.3. Hoton na Billy the Kid ne, saurayin nan ɗan bindiga da aka harbe a 1881. Irin wannan daraja tsofaffin hotunan 'yan fashin yammacin Amurka suke da ita a kasuwa. Daga wancan zamanin kuma akwai hoton wani baƙar fata mai kaurin gashin baki, Bass Reeves, wanda ya yi shekara 32 yana farautar irin waɗannan mutane da sunan gwamnatin tarayya, amma aka daɗe ba a ko ambaton sunansa.

An haifi Reeves a 1838 a jihar Arkansas, cikin bauta. Ubangidansa William Reeves ne, shi ya sa yake amsa wannan suna. A 1846 iyalin suka ƙaura zuwa Texas da bayinsu. Ana cikin yaƙin basasar Amurka Bass ya tsere zuwa yankin da gwamnati ta keɓe wa ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wanda yau yake cikin jihar Oklahoma. Ya zauna cikin ƙabilun Cherokee da Creek da Seminole, ya koyi harshe, ya san hanyoyin dajin kamar tafin hannunsa. Da aka haramta bauta a 1865 sai ya koma Arkansas, ya kama noma kusa da garin Van Buren tare da iyalinsa.

Yankin da ya ba shi mafaka shi ne kuma ya zama maɓoyar ɓarayin dawaki da masu kisan kai da masu fasa-ƙwaurin giya. Dalili kuwa, kotunan ƙabilun ba su da hurumi kan baƙin da ba 'yan ƙabila ba, sai kotun tarayya da ke Fort Smith, can nesa a bakin iyaka. A 1875 aka naɗa Isaac Parker alƙalin wannan kotu, aka kuma ɗauki jami'ai masu yawa a matsayin mataimakan mashal, wato masu kai sammacin kotu su kamo wanda ake tuhuma. Reeves na cikin waɗanda aka ɗauka saboda sanin ƙasa da harshe, ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka riƙe wannan muƙami a yammacin kogin Mississippi.

Aikin ba shi da tsayayyen albashi. Ana biyan jami'i ne gwargwadon kamen da ya yi da nisan tafiyar da ya sha, kuma gommai daga cikin jami'an kotun Parker sun rasa rayukansu a bakin aiki. Reeves kan fita da keken doki da mai dafa abinci da mai gadi, ya yi makonni ko watanni a daji, ya dawo da ayarin fursunoni. Bauta ta hana shi karatu, don haka sai ya sa a karanta masa takardun sammaci kafin ya tashi, ya haddace kowace da sunan mai ita. Ya kuma yi suna wajen ɓad da kama, yau ga shi manomi, gobe matafiyi mai yagaggun kaya, har ya shiga jikin wanda yake nema. Ana ƙiyasta cewa ya kama mutum fiye da 3,000, ya kashe 14 a musayar wuta.

Shi ma ya tsaya gaban shari'a. A 1884 harsashin bindigarsa ya kashe mai dafa masa abinci, William Leach. Ya ce kuskure ne. Aka gurfanar da shi gaban alƙali Parker a 1887, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi, ya koma aiki, ko da yake kuɗin lauyoyi sun cinye yawancin abin da ya tara.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a 1902, lokacin yana aiki a Muskogee. Ɗansa Bennie ya kashe matarsa, kotu ta fitar da sammaci. Shugaban ofishin ya so ya ba wani jami'i don ya sauƙaƙa wa uban, amma Reeves ya nemi a ba shi. Shi ya kai ɗan nasa hannun hukuma. Aka yanke wa Bennie ɗaurin rai da rai a kurkukun Leavenworth, daga baya aka sake shi bayan ya yi shekaru. Duk ma'aikacin da takardar ɗan'uwa ko suruki ta taɓa biyowa ta teburinsa ya san nauyin abin da wannan dattijo ya ɗauka.

A Nuwamban 1907 Oklahoma ta zama jiha, aikin mataimakan mashal a yankin ya koma hannun hukumomin jiha. Dokar farko da majalisar dattawan sabuwar jihar ta gabatar ita ce ta raba farare da baƙaƙe a jiragen ƙasa. Mutumin da ya yi shekaru yana sa wa fararen masu laifi ankwa, yanzu doka ta hana shi zama tarago ɗaya da su. Yana dab da shekara 70 ya shiga aikin 'yan sandan birnin Muskogee, ya yi kimanin shekara biyu yana sintiri kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya rasu ranar 12 ga Janairu, 1910.

Littattafai da finafinan kaboyi sun cika duniya da sunayen Jesse James da Wyatt Earp, suka tsallake Reeves. Sai da masanin tarihi Art Burton ya bi takardun kotu da tsofaffin jaridu, ya fitar da littafi kan rayuwarsa a 2006. A 2012 aka kafa mutum-mutuminsa bisa doki a Fort Smith, a 2023 kuma aka yi fim mai dogon zango a kansa, inda David Oyelowo, ɗan wasan Birtaniya wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya fito a matsayinsa.