Willard Boyle: Mutumin da ya yi wa kyamara ido

Duk wanda ya ɗauki hoto da wayar salula a Kaura Goje ko wata unguwa a birnin Kano, ya kuma gan shi nan take ba tare da an kai fim wanki ba, yana cin moriyar wani zane da aka yi a kan allo a Amurka cikin watan Oktoban 1969. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka yi zanen shi ne Willard Boyle.

An haifi Boyle ranar 19 ga watan Agustan 1924 a garin Amherst na ƙasar Kanada. Mahaifinsa likita ne da ya koma aiki cikin masu yankan katako a lardin Kwibek, nesa da makaranta, don haka mahaifiyarsa ce ta koyar da shi a gida har ya kai shekara 14.

Yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu, inda ya shiga sojin ruwa ya koyi tuƙin jirgin sama. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar McGill a 1950, kana ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1953.

Abin mamaki shi ne, ba kyamara suke nema ba. Sashensu na fuskantar barazanar rage kuɗi, sai shi da George Smith suka zauna na kimanin sa'a guda suna neman sabuwar hanyar adana bayanai a kwamfuta. Na'urar da suka zana, wadda ake kira CCD, ba ta yi tasiri a wannan fanni ba, amma ta dace da ɗaukar hoto.

Fuskarta jerin ƙananan gurabe ne na silikon. Idan haske ya sauka a gurbi sai ya tara lantarki gwargwadon ƙarfinsa, daga nan kowane gurbi ya miƙa wa na kusa da shi, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu, har a kai bakin layi a auna a mayar da shi lambobi. A 1975 injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamara da irin wannan na'ura mai gurabe 10,000 kacal.

Sai bayan shekara 40, a 2009, aka ba Boyle da Smith lambar yabo ta Nobel, kuma ta zo da taƙaddama. Wasu tsoffin abokan aikinsu, musamman Michael Tompsett, sun ce su ne suka mayar da na'urar ta ɗaukar hoto, ƙorafin da ba a rasa gaskiya a cikinsa ba.

Boyle ya rasu ranar 7 ga watan Mayun 2011 yana da shekara 86. A lokacin, wayoyin salula sun riga sun koma amfani da wata ƙanwar CCD mai suna CMOS, wadda ba ta cin batir sosai.