Garrincha: mai karkatattun ƙafafu da ya ci wa Birazil kofin duniya na 1962

Duk sanda aka tashi zancen ƙwallon Birazil, sunan Pele ne ke fara fitowa daga bakin kowa. Ban ce bai cancanta ba. Amma ni idan za a tambaye ni, akwai mutumin da tarihi bai biya shi haƙƙinsa ba, wato Manuel Francisco dos Santos, wanda duniya ta sani da Garrincha.

An haife shi ranar 28 ga Oktoba 1933 a Pau Grande, wani ɗan ƙaramin gari na ma'aikatan masaƙa a jihar Rio de Janeiro. Ƙafafunsa duka biyu a karkace suke, kuma ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kusan santimita 6. Yayarsa ce ta laƙaba masa Garrincha, sunan wani ɗan tsuntsu, saboda ƙanƙantarsa. Ya yi aiki a masaƙar garin yana buga ƙwallo a ƙungiyar ma'aikata, har 1953 lokacin da ya je gwaji a Botafogo. A can ya haɗu da Nilton Santos, mai tsaron baya na ƙungiyar ƙasa, ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Ba a bar shi ya koma gida haka nan ba.

To, mene ne sirrinsa? Gaskiya ba wani sirri. A gefen dama yake, ya tsaya cak da ƙwallo a gaban mai tsaron baya, ya karkata jiki kamar zai tafi, ya dawo, sannan ya fice ta dama. Kowa ya san ta nan zai bi, amma a hana shi ya gagara. Wani lokaci ma sai ya wuce mutum ya tsaya jiransa, don ya sake wuce shi. Masu horarwa na ganin wannan wasan yara ne, ƴan kallo kuwa dariya suke har da hawaye. Shi ya sa suka kira shi farin cikin jama'a.

A gasar 1958 a Suwidin an ajiye shi a benci wasanni biyu na farko. Da aka saka shi da Pele a karawa da Tarayyar Sobiyet, tun a minti na farko ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen raga. A wasan ƙarshe da Suwidin, wanda aka tashi 5-2, shi ya miƙa wa Vava ƙwallaye biyun farko.

Amma 1962 a Cili ita ce shekararsa, kuma nan ne nake kafa hujjata. Pele ya ji rauni a wasa na biyu, bai sake bugawa ba. Sai wannan mutum da aka sani da yanka da ba da ƙwallo ya koma cin raga da kansa. Ya ci Ingila biyu, ɗaya da ka, ɗaya daga nesa. Ya ci masu masauƙi biyu a wasan kusa da na ƙarshe, alƙalin wasa ya kore shi, amma hukuma ta bar shi ya buga wasan ƙarshe, inda Birazil ta doke Cekosulobakiya 3-1. A wasanni 50 da ya yi wa ƙasarsa sau ɗaya tak aka ci su, wato na ƙarshe, da Hangari a 1966. Kuma ba a taɓa cin Birazil ba in shi da Pele suna fili tare.

Daga nan sai gangara. Gwiwarsa ta lalace, amma ana yi masa allurar kashe zafi yana shiga fili, domin sunansa ne ke sayar da tikiti in Botafogo ta fita yawon wasannin sada zumunta. Ni wannan ya fi ci mini rai fiye da komai a labarinsa. Shi kuma bai taimaki kansa ba: giya, wadda ya fara sha tun yana yaro, ta riga ta kama shi. Ya bar matarsa ta farko ya koma wajen mawaƙiya Elza Soares, jaridu suka yi masa ca. A 1969 ya yi haɗarin mota yana tuƙi, mahaifiyar Elza ta rasu a ciki. Bayan Botafogo ya ɗan taɓa Corinthians, Junior ta Kolombiya, Flamengo da Olaria, amma inuwarsa ce kawai ke yawo a fili.

A Disamba 1973 aka shirya masa wasan ban kwana a Maracana, mutum fiye da 130,000 suka zo, aka tara masa kuɗi. Ba su daɗe a hannunsa ba.

Ya rasu ranar 20 ga Janairu 1983 yana da shekara 49, bayan giya ta cinye masa hanta. An ajiye gawarsa a Maracana jama'a suka yi ta zuwa gani, sannan aka ɗauke ta a motar ƴan kwana-kwana zuwa yankinsu, mutane maƙil a bakin hanya. Babban filin wasa na Brasilia, babban birnin ƙasar, sunansa yake ɗauke da shi yau: Mane Garrincha.