Malam Sa'idu ɗan Hayatu: Shekaru 36 a Hannun Turawa

An haifi Malam Sa'idu wajajen shekarar 1887 a Balda, wadda take cikin ƙasar Kamaru a yau. Mahaifinsa, Hayatu ɗan Sa'idu, jika ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bar Sakkwato zuwa Adamawa, ya yi mubaya'a ga Muhammadu Ahmad, Mahadin Sudan, sannan ya haɗa kai da Rabeh. Ƙawancen bai ɗore ba, domin kuwa a 1898 mayaƙan Fadlallahi ɗan Rabeh suka kashe Hayatu. Sa'idu ya tashi maraya, da gado biyu a wuyansa: jinin gidan Shehu Usmanu da aƙidar Mahadiyya.

Waɗannan biyun su ne abin da Turawan Ingila suka fi tsoro. Ba su manta da yaƙin Burmi na 1903 ba, balle tawayen Satiru na 1906. Saboda haka da Malam Sa'idu ya zauna a Dumbulwa, cikin ƙasar Fika, almajirai suka riƙa kwararowa gare shi, sai hankalin Razdan na Barno, H. R. Palmer, ya tashi. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne alaƙarsa da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, ta hanyar wasiƙu da mahajjatan da ke ratsa Sudan a ƙafa.

A 1923 aka kama shi bisa zargin shirya tawaye. Ba a gurfanar da shi gaban kotu ba. A 1924 aka kai shi Buea, garin da ke gindin Dutsen Kamaru, cikin yankin da Ingila ke riƙo da sunan Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, nesa da harshensa da jama'arsa.

Al'amarin bai tsaya a iyakar Nijeriya ba. Gwamnatin Sudan, wadda ita ma Ingila ke juya akalarta, tana lallaɓa Sayyid Abdurrahman tun lokacin yaƙin duniya na ɗaya, alhali jami'an Kaduna suna matsa mata ta taka masa birki. Har G. J. Lethem aka tura Sudan da Jidda da Alƙahira ya bi sawun wannan alaƙa. Daula ɗaya ta bar jagora yana noman auduga a Tsibirin Aba, ta tsare mabiyinsa a Buea.

A tsakiyar shekarun 1940 aka dawo da shi Kano, amma cikin ɗaurin talala. Sai a 1959, shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kai ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, wanda shi ma daga zuriyar Muhammadu Bello ya fito, aka sake shi. Ya rasu a Kano a 1978.

Kusan dukkan abin da aka jingina masa ya fito ne daga rahotannin waɗanda suka kama shi. Mai nazarin fayilolin da ke gidan adana tarihi na Kaduna ya kamata ya auna su da abin da iyalansa da mabiyansa suka adana.