Tunawa da Marigayi Alhaji Adamu Halilu, Mai Fim ɗin Shaihu Umar

A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi wani bawan Allah wanda yaranmu da suka tashi a nan Abuja ba su ma san sunansa ba, alhali shi ne ya share fagen da 'yan fim ɗin Hausa suke taka rawa a kai.

An haifi Alhaji Adamu Halilu a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a 1936. Ya koyi rubuta labarin fim da tace hotuna a Landan da Rum, ya dawo gida ya yi ta shirya wa gwamnatin Arewa fina-finan wayar da kai, irin waɗanda ake haskawa da majigi a ƙofar fada bayan sallar isha'i. Dattawanmu dai ba su manta ba.

Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar, wanda ya fito a 1976. Labarin na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Umaru Ladan ɗin kuma ya fito a matsayin Shaihu. Labari ne na yaron Kagara da bauta ta raba shi da mahaifiyarsa, ya ƙetare hamada, ya dawo babban malami. Mu a ganinmu, wahalar uwar nan wajen neman ɗanta ita ce zuciyar fim ɗin. Babu gaggawa, babu hayaniya, ga Hausa tsantsa. Bayansa ya yi Kanta na Kabi.

Allah ya yi masa rasuwa a 2001. Abin takaici, fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinto shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

To 'yan'uwa, ashe sai baƙi sun ɗinke mana rigar gadonmu? Muna kira ga iyaye su nemi littafin su karanta wa yara, ƙungiya kuma ta duba yadda za a haska mana fim ɗin. Allah ya jiƙan Alhaji Adamu, ya sa Aljanna ce makoma, amin.