Tarihin Guru Gobind Singh, Shugaban Da Ya Naɗa Wa Talakawa Rawani Ya Hana Su Aski

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya, ko fatauci ya taɓa kai shi Dubai sarin kaya, ba zai rasa ganin wasu Indiyawa masu tsinin rawani da cikakken gemu ba, waɗanda kusan kowanensu sunansa ke ƙarewa da Singh. Da yawa cikin mutanenmu kan ɗauka Musulmi ne saboda rawanin da gemun, wasu kuma su ce 'yan Hindu ne. To, ba ko ɗaya. Sunan addininsu Sikh, mafi yawansu suna jihar Punjab ta arewacin Indiya, kuma adadinsu a duniya ya haura miliyan 25. Marigayi Manmohan Singh mai shuɗin rawani, wanda ya yi Firaministan Indiya daga 2004 zuwa 2014, ɗaya ne daga cikinsu. A yau filin namu zai kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya ɗora musu wannan kama.

An haife shi a watan Disamba na 1666 a birnin Patna, aka raɗa masa suna Gobind Rai. Mahaifinsa Tegh Bahadur shi ne Guru na tara, wato jagoran addinin, a jerin da ya faro daga Guru Nanak wanda aka haifa a 1469. A lokacin Indiya tana hannun daular Mugal, kuma Sarki Aurangzeb ne bisa gado. A watan Nuwamba na 1675 aka fille kan Tegh Bahadur a Chandni Chowk, babbar kasuwar Delhi wadda har gobe take ci. Mabiyansa sun ce laifinsa shi ne ya tsaya wa wasu 'yan Hindu na Kashmir da ake matsa wa su bar addininsu. Gobind yana gab da cika shekara tara aka kawo masa kan mahaifinsa a garin Anandpur, kuma shi ya gaje shi a matsayin Guru na goma.

Ruwayar Sikh ta nuna cewa ranar da aka yi kisan akwai mabiya a cikin taron, amma tsoro ya sa kowa ya saje da jama'a, babu mai iya nuna su. Wani talaka mai suna Jaita ne ya yi kasada ya ɗauke kan, wani falke kuma mai suna Lakhi Shah ya ɓoye gangar jikin a cikin amalankensa, ya kai gida ya cinna wa gidan nasa wuta don ya cika al'adarsu ta ƙona gawa ba tare da an gane ba. Ana cewa wannan ɓuya da mabiya suka yi ita ta tsaya wa yaron a rai, har ya ƙudurta zai ba su kamar da ba ta ɓoyuwa ko a tsakiyar kasuwa.

Ya tashi da karatun Farisanci da Sanskrit da harshen garinsu, ya ƙware a hawan doki da harbin baka, ya kuma yi rubuce-rubuce da dama. Yaƙinsa na farko ya auku a Bhangani cikin 1688, kuma da sarakunan Hindu na kan duwatsu ya gwabza. A wannan yaƙi wani shehin Musulmi mai suna Pir Budhu Shah ya kawo masa gudunmawa da almajiransa, har 'ya'yansa biyu suka faɗi a fagen fama. Bayan an ƙare, in ji masu ba da labarin, shehin ya tarar da Gobind yana taje kansa, sai ya zaɓi matajin da gashin da ya maƙale a jikinsa da kuma rawani a matsayin tukuici, ya bar dukiya. Waɗannan kaya daga baya sun koma hannun gidan sarautar Nabha. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka rigimar mutumin nan ta ƙin Musulmi ce zalla, domin da masu mulki ya fi yin ta, ko wane addini suke bi.

Babban abin da ya sa sunansa ya tsaya ya faru ne a 1699, ranar bikin girbi da suke kira Baisaki. Ya tara jama'a a Anandpur, ya fito da takobi tsirara, ya nemi wanda zai ba da kansa. Ɗaya bayan ɗaya mutum biyar suka miƙe, yana shiga da kowanne cikin tanti yana fitowa da takobi jina-jina, daga ƙarshe sai ya fito da su duka biyar da ransu, sanye da sababbin tufafi da rawani. Sai a dubi sana'o'insu: Daya Singh ɗan gidan 'yan kasuwa ne daga Lahore, Dharam Singh manomi, Himmat Singh ɗan ga-ruwa, Mohkam Singh mai buga zane a jikin yadi, shi kuwa Sahib Singh wanzami ne daga Bidar. Wato dai cikin mutum biyar na farko da suka yi alkawarin aska ba za ta sake taɓa su ba har da wanzami. Ya dama ruwa da sukari a kwanon ƙarfe da takobi mai kaifi biyu, suka sha a kwano ɗaya, sannan shi ma ya durƙusa suka ba shi. Daga ranar maza suka ɗauki sunan Singh, ma'ana zaki, mata kuma Kaur, ƙungiyar kuma aka kira ta Khalsa.

Mu a nan Damagaram mun san nauyin rawani. Tun kafin zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, a fada ake naɗa wa mai sarauta, malami da dattijo su yi nasu daidai matsayinsu, Buzu kuma ba ya sauke amawali a gaban surukinsa. A Indiya ta wancan zamani ma rawani da takobi da hawan doki ado ne na manyan gida. Sai dai tasu rarrabuwar ta fi tamu tsanani nesa ba kusa ba. Wanzaminmu yana da Sarkin Aska, mahauci yana da Sarkin Fawa, kuma kowa na cin tuwo da su, alhali a can akwai masu sana'ar gadon da ba a yarda ko kwanon sha a haɗa da su ba. Irin waɗannan ne Gobind ya ɗora wa rawani ya ba su suna ɗaya da na kowa.

Alamomi biyar ya wajabta musu: barin gashi yadda aka halicce shi, ƙaramin mataji na katako, awarwaron ƙarfe a hannu, gajeren wando, da takobi ko wuƙa. Ya kuma haramta musu aski da taba da zina.

Barin gashi kuwa aiki ne ja, shi ya sa aka haɗa shi da mataji don kada a fake da addini a yi ƙazanta. Ƙa'idarsu ita ce a taje kai sau biyu a yini, safe da yamma. Namiji kan sunkuyar da kai ya taje gashin, wanda kan kai har gadon baya, ya murɗa shi ya naɗe a tsakar ka kamar gammo, ya soke matajin a ciki. Ana shafa mai, kamar man kwakwa, kuma a ƙauyukan Punjab an daɗe ana wanke kai da kindirmo. Bayan nan sai rawani, wanda tsawonsa kan kai mita 5 zuwa 6, kusan tsawon turmin atamfa ke nan, na auduga marar nauyi, wasu har da sitaci don ya tsaya. Ba a cire shi a ajiye a mayar kamar hula, sabon naɗi ake so kowace rana. Yara maza kan fara da ɗan ƙyalle da ake ɗaure musu a kan tukkun kafin su isa naɗi. Gemu kuma wasu kan sake shi ya sauka bisa ƙirji, wasu, musamman ma'aikata da sojoji, kan murɗa shi da zare su kai bayan kunne su cusa a ƙarƙashin rawani, sannan su ɗaure haɓa da ƙyalle na ɗan lokaci har ya kwanta. Inda suka bambanta da mu shi ne ba sa rage gashin baki ko saje, kuma littafin ƙa'idojinsu da aka amince da shi a 1945 ya hana rina gemu, saɓanin dattawanmu masu sa masa lalle. Mata ma hukuncin ya hau kansu, ba sa yanke gashi, yawanci sukan kitse shi jela ɗaya su yafa mayafi.

Wannan sabuwar runduna ta tayar wa sarakunan duwatsu da gwamnonin Mugal hankali, suka haɗa kai suka yi wa Anandpur ƙawanya har yunwa ta fitar da shi a ƙarshen 1704. Cikin 'yan kwanaki ya rasa 'ya'yansa maza huɗu. Manyan biyu, Ajit da Jujhar, sun mutu a yaƙin Chamkaur, ƙananan kuma, Zorawar da Fateh, waɗanda ba su kai shekara goma ba, gwamnan Sirhind Wazir Khan ya sa aka kashe su, duk da cewa sarkin Malerkotla, wanda Musulmi ne, ya fito fili ya nuna bai yarda ba. Mahaifiyar Gobind ma a nan ta cika. Shi kansa wasu 'yan'uwa biyu Musulmi masu fataucin dawaki, Ghani Khan da Nabi Khan, su suka fitar da shi daga tarko, suka sa masa shuɗin tufafi suka ɗauke shi a kafaɗa a matsayin wani shehi. Daga baya ya aika wa Aurangzeb doguwar wasiƙa da Farisanci, mai suna Zafarnama, yana tuhumarsa da karya rantsuwa.

Aurangzeb ya rasu a 1707. Gobind ya shirya da magajinsa Bahadur Shah, ya bi shi kudu har garin Nanded, inda aka daɓa masa wuƙa, kuma ana zargin Wazir Khan ne ya turo maharan. Ya mutu ranar 7 ga Oktoba 1708 yana da shekara 41, wato tun ba a kafa sarautar Damagaram ba. Kafin ya cika ya ce babu sauran Guru ɗan'adam bayansa, littafinsu Granth Sahib shi ne jagora.

Kamar da ya ba su ta jawo musu wahala a shekarun da suka biyo baya, lokacin da gwamnonin Lahore suka sa lada a kan duk mai dogon gashi. A 1745 wani manomi mai suna Taru Singh ya ƙi yarda a aske shi, aka ɗaye masa fatar kai gaba ɗaya. Ko a zamanin nan rawanin bai daina shiga majalisa da kotu ba. A Ingila an yi doka a 1976 wadda ta yafe wa mai rawanin Sikh sa hular kwano idan zai hau babur, a Faransa kuwa dokar 2004 da ta hana 'yan mata Musulmi sa hijabi a makarantun gwamnati ita ce ta hana yaran Sikh shiga aji da rawaninsu.