Marigayi Ken Saro-Wiwa, Mai Neman Hakkin Ogoni

An haifi Kenule Saro-Wiwa a garin Bori na ƙasar Ogoni, cikin Jihar Ribas ta yanzu, ran 10 ga Oktoba, 1941. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahiya, sa'an nan Jami'ar Ibadan. Ya riƙe kwamishina a jiharsu, ya kuma yi suna wajen rubuta littattafai da wasan talabijin.

Tun 1958 kamfanin Shell yake haƙar mai a Ogoni. Mai ya riƙa malala cikin gonaki da rafuka, kifi ya mutu, ruwan sha ya gurɓace. A 1990 marigayin da dattawan Ogoni suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka miƙa wa gwamnati takardar bukatunsu, wato diyya da gyaran ƙasa da rabo daga arzikin mai. Ran 4 ga Janairu, 1993, mutane wajen 300,000 suka yi zanga-zangar lumana, a shekarar kuwa Shell ya daina haƙa a can.

A watan Mayu na 1994 aka kashe sarakunan Ogoni huɗu. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗora masa laifin, ko da yake ya musanta. Kotun musamman ta yanke masa hukuncin kisa, ba damar ɗaukaka ƙara. Aka rataye shi da mutum takwas a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba, 1995.

Amma maganar ba ta mutu tare da shi ba. Iyalansu suka kai ƙarar Shell a Amurka, a 2009 ya biya dala miliyan 15.5 ba tare da amsa laifi ba. A 2015 mutanen Bodo, waɗanda suka kai ƙara Ingila, suka sami fam miliyan 55. A 2021 kotun Holan ta ba manoman Neja Dalta gaskiya. A 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa su taran afuwa, amma iyalansu suka ce wankewa suke so, gama marar laifi ba ya bukatar afuwa.

'Yan'uwa, kada mu a Kano mu ce wannan zancen Kudu ne. A 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Tun kafin gona ta lalace ya kamata jama'a su san hakkinsu, su kuma neme shi cikin lumana ta hanyar shari'a.