Jim Fixx: Gwanin gudun da ciwon zuciya ya yi wa kwanton ɓauna

Ranar 20 ga watan Yulin 1984 aka tsinci gawar wani mutum a gefen hanya a garin Hardwick na jihar Vermont a Amurka, sanye da gajeren wando da takalmin gudu.

Mutumin shi ne Jim Fixx, marubucin da ya kwaɗaitar da ɗimbin Amurkawa fita gudu domin lafiyar jiki. Ya mutu yana da shekaru 52, sakamakon bugun zuciya.

An haife shi ne a birnin New York ran 23 ga watan Afrilun 1932, ya kuma kammala kwalejin Oberlin a 1957, kana ya shiga aikin jarida kamar mahaifinsa, wanda edita ne a mujallar Time.

Mahaifin nasa ya gamu da bugun zuciya tun yana ɗan shekara 35, kuma ciwon ne ya yi ajalinsa yana da shekaru 43.

Shi dai Jim Fixx bai fara gudu ba sai a 1967, lokacin da shi ma ya cika shekaru 35. A wannan lokaci nauyinsa ya kai kilo 97, kuma yakan sha kwali biyu na taba sigari a kowace rana.

Cikin shekaru goma ya daina shan taba, ya rage ƙiba sosai, ya kuma shiga gasar gudun dogon zango. A 1977 ya wallafa littafinsa mai suna The Complete Book of Running, wanda aka sayar da fiye da kofi miliyan ɗaya.

To sai dai binciken da likitoci suka yi a kan gawarsa ya nuna cewa kitse ya toshe jijiyoyi uku da ke kai jini ga zuciyarsa: ɗaya da kashi 95 cikin ɗari, ta biyu da kashi 85, ta uku kuma da kashi 70.

Watanni kaɗan kafin mutuwar tasa, Dokta Kenneth Cooper, wani fitaccen likitan motsa jiki a birnin Dallas, ya yi masa tayin gwajin da ake auna aikin zuciya yayin da mutum ke gudu a kan na'ura, amma bai amsa tayin ba.

Mutuwar Fixx ta janyo muhawara. Wasu sun ɗora laifin a kan gudu, yayin da likitoci da dama suka yi nuni da gado da kuma shekarun da ya yi yana shan taba.

A Najeriya ma an ga irin wannan rashi, inda Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ran 12 ga watan Agustan 1989, ana tsakiyar karawa da Angola. Shekarunsa 25.

Masana sun bambanta lamurran biyu. A wajen matasa, galibi matsalar tana cikin halittar zuciyar ce, amma ga waɗanda suka haura shekaru 35, toshewar jijiyoyi ce ta fi yin kisa, kuma takan daɗe tana girma ba tare da wata alama ba.

Don haka ne likitoci ke shawartar magidanta, irin waɗanda kan fita sassarfa da sassafe a kan hanyar Ƙofar Kabuga a Kano, da su riƙa auna hawan jini da sukari da kitsen jini, musamman in akwai ciwon zuciya a dangi. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ƙarancin numfashi yayin motsa jiki, ya dakata ya nemi likita.

Jim Fixx ya zarce mahaifinsa da shekaru tara a duniya. Gudu ya ƙarfafa jikinsa, amma bai kawar da abin da ya riga ya taru a jijiyoyinsa ba.